Mai Gadin Rumfata Lokacin Azahar

Zuwa ga Mariyamma, wadda Katsinawa suka gyara wa suna suka ce Sista Maryama. Ya sanyin randa a tsakiyar bazara, ya inuwar bedin ƙofar gidana, ya ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa! Ina gaisuwa, ina gajiya, yaya jiki, yaya mutanen Kerala, can ƙasarku Indiya?

Wata magana na taɓa ji a kanki, ban yarda ba. Wai idan azahar ta yi a nan Katsina, ko da yake a can wurinku rana ta kusa faɗuwa, sai ki jawo kujera bakin ƙofa, ki ja gyale ki rufe kai, ki hana kowa taɓa komai. Dabo mai takalma ne ya fara kawo mini ita, kin kuwa san Dabo: ƙadangaren da ya gani da safe, kafin la'asar ya zama kada. Na yi dariya na ci gaba da awon yadina.

Kin tuna ranar farko? Kina sabuwar zuwa aikin asibiti, kika shigo Babbar Kasuwa neman atamfa, Hausarki ba ta wuce sannu ba. Muna tsakiyar ciniki aka kira salla. Na gitta sandar awo a bakin rumfa kamar yadda kowa ke yi, na ɗauki buta na tafi. Ke kuwa kika ɗauka tsautsayi ne ya same ni, don wane mai hankali zai bar dukiya haka a buɗe? Da na dawo na tarar da ke zaune a kan benci, lema a hannu kamar mashi, kin kori Dabo da ya zo aron almakashi, shi kuma yana can gefe yana rantsuwa da iyayensa cewa shi ba ɓarawo ba ne. Wallahi tun daga ranar ban ƙara mallakar zuciyata ba.

Sannu a hankali kika koyi garin. Kika daina sa wa mutane lokaci ranar Juma'a da rana. Idan direba ya tsaya gefen hanya zai yi salla, ki buɗe littafinki ba ƙorafi. Kin san a rage rediyo idan ladan ya ɗaga murya, kin san a kewaya ta bayan sahu, da azumi kuma ko ruwa ba kya sha a gabanmu. Sauran baƙi suna jiran a idar ne don a buɗe musu shago, ke kuwa kin mayar da jiran sana'a. Ke da gicciyenki a wuya, ni da carbina a hannu, benci ɗaya ya ɗauke mu shekara da shekaru, bai taɓa kai ƙara ba.

Bayan rasuwar matata Kubura, ke ma mijinki ya daɗe a ƙasa, na faɗa miki abin da duk kasuwa ta riga ta sani. Kika ce kin gaji da jirana a kan benci, ni ma in ɗanɗana, in bari ki yi ritaya. Kika yi ritayar, 'ya'yanki suka zo suka tafi da ke, wai za ki huta ki dawo. Ya hasken farin wata a kan ganuwa, ina dawowar? Har yau ina gitta sandar, in je in dawo, in tarar da ita yadda na bar ta, bencin kuma wayam. Ban taɓa sanin sallama za ta iya yi wa mutum nauyi a baki ba sai da na rasa mai amsa ta!

Daga baya Suwaiba, wadda kuka yi aiki tare, ta zo da irin maganar Dabo, har da ƙarin da ya karya ni. Ta ce mantuwa ta kama ki, sunayen jikokinki ma sun fara zube miki, amma wannan lokacin bai taɓa kuɓuce miki ba. Shin ina cikin abin da ya zube, ko ina cikin abin da ya saura?

Ki ci gaba da gadin, don Allah. Na fara neman takardun tafiya, 'ya'yana na cewa tsufa ya taɓa ni, gwiwoyina ma suna goyon bayansu. Zan zo. Idan ba ki gane fuskata ba, babu laifi, zan fita in sake shigowa da damshin alwala a gemuna, in yi sallama kamar daga masallaci nake, ko Allah zai sa ki tashi ki ba ni wuri.

Naki, ban canja ba, ba kuma zan canja ba har ranar da za a yi mini sallar da ba ta da ruku'u,

Sammani mai atamfa, Ƙofar Ƙaura.

Af, ban faɗa miki abin da ya sa na daina musanta zancen kujerar nan ba. An kira ni a waya ranar Talata, aka ce idan an tambaye ki me kike tsaro, sai ki ce da Hausa, Alhaji ya tafi salla, yanzu zai dawo. Mai kiran tana kuka tana tambayata ma'anarsa. 'Yarki ce, Susanna.