Ba Zan Durƙusa Ba, Ko Da Auren Ɗana Zai Watse

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abu biyu ne a gabana: ƙuguna da auren ɗana, kuma da alama sai na rasa ɗaya.

Ni dilan albasa ne a Argungu, da dakon buhu na fara, shi ya cinye min ƙugu. Bara aka yi min aiki, aka cire mahaɗin ƙugun aka sa na ƙarfe. Likita ya ce ƙashina ya rarake ta ciki kamar icen da gara ta ci, ba zai riƙe ƙarfen shi kaɗai ba, sai da suka wanke cikin ƙashin suka danna wani siminti na asibiti, sannan suka kafa ƙarfen. Alhamdu lillahi ina tafiya ba sanda. Amma ya ja min kunne, ban da tsuguno, ban da tankwashe ƙafa a tabarma. In ƙarfen ya goce har aka sake buɗe ni aka fasa simintin, ƙashin na iya tafiya da shi, ƙila in ƙare a kwance.

To ɗana Nafi'u ya ga yarinya a Gulma, ita ma tana son sa. Kakanta ne mai bayarwa, dattijo ne da tun shekarun samun 'yancin kai yake zaman zauren gidansa, ba a taɓa gaishe shi daga tsaye ba. Ƙannena duk sun rasu, dole na je neman auren da kaina. Na yi sallama, na ba da uzurina, na buɗe kujerata ta roba da na zo da ita na zauna. Tsohon ya dubi kujerar, ya ce, "Alhaji, wagga kujera taka da kuɗin albasa anka saye ta ko?" Zaure ya kwashe da dariya. Na ce, "Baba, da ƙashina na biya ta." Ya ce shi ma gwiwunsa sun mutu amma ga shi a ƙasa, kuma ba ya ba da jika ga wanda ke magana bisa kansa. Aka maido mana da goronmu.

Yanzu uwar Nafi'u ta ce in daure sau ɗaya, durƙuson gaisuwa kawai. Nafi'u kuma ya daina cin abinci tare da ni. Ni kuwa sallah ma a kujera nake yi, malamai sun ce ta yi. Abin da ban yi a sallah ba, ba zan yi shi a zauren mutum ba.

Ku faɗa min, akwai hanyar girmama dattijon nan da ba sai na kai ƙasa ba? Don na auna. In na ƙi, Nafi'u ya rasa mata. In na durƙusa ƙarfen ya goce, Nafi'u ya samu mata, ita kuma aikinta na farko a gidanmu shi ne jinyar surukin da ba ya tashi.