Sifilin da Na Ba Bona

Litinin, 4 ga Maris
Rikicin kowace shekara: a darasin lissafi, yara na ɗauka tsayin zanen ƙididdiga mai siffar ƙararrawa ne ke nuna yiwuwar abu, alhali filin da ke ƙarƙashinsa ne. Don ya shiga kansu, na sa kowa ya rubuto awannin da ya yi gaban talabijin ranar Asabar. Matsakaici awa uku, tazarar da aka saba samu daga matsakaicin awa ɗaya. Mutum 68 cikin ɗari tsakanin awa biyu da huɗu, sama da awa biyar kuwa mutum biyu da ɗoriya kawai. Sun gane, na ji daɗi.
Sai ɗalibata Bona ta miƙo tata: awa goma sha ɗaya. Ajin ya tuntsire da dariya.

Laraba, 6 ga Maris
Tazara takwas daga matsakaici. A duk garinmu Parakou lissafi bai ba ni ko mutum ɗaya mai irin wannan kallo ba. Na ce ƙarya take, na ba ta sifili cikin ashirin. Da shi za ta faɗi wannan zangon. Yarinyar da na fi sa wa rai, ita za ta raina min hankali.

Alhamis, 7 ga Maris
Ba ta zo ba. Ta huta.

Asabar, 9 ga Maris
Na je in kai ƙararta wurin uwarta. Shagon kitso ne a bayan tasha. Talabijin a kan akwati, a kunne tun bakwai na safe, don duk macen da ta leƙo ta ga a kashe sai ta wuce shagon gaba. Bona na tsaye tana kitso, fuskarta na kallonsa.
Uwar ko kujera ba ta ba ni ba. Ta ce, “Malam, ƙararrawar taka ta taɓa zuwa nan ta ƙirga?” Matan suka yi ta dariya, ɗaya ta ce in zauna a kitse min gemu.
Na dawo ina huci. Da wa nake fushi, ban sani ba.

Litinin, 11 ga Maris
Lissafina daidai yake, ban janye ba. Sai dai 'yan hutun Asabar na auna, ita kuma ranar aikinta ce.
Na goge sifilin, na sa 16. Kuskuren alƙalami, na ce wa shugaban makaranta.
Ta dawo, ta zauna can baya. Na ba ta alli, na ce ta tambayo masu kitso talatin na layinsu awanninsu gaban talabijin ranar Asabar, ta zana mana tasu ƙararrawar. Sauran ma kowa ya gwada a unguwarsu.
Ta karɓa. Ba ta dube ni ba tukuna.