Layi na Uku a Takardar Malam Ilyasu

Garwa, 4 ga Maris, 2004

Zuwa ga Gwaggona Hajiya Aisatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Kuseri, yaya kasuwa, yaya ƙafar nan taki? Mu nan sai godiya, in ban da zafi, ko ruwan tulu ya zama na wanka.

Gwaggo, ƙara na kawo, kuma ƙaninki na kawo ƙara.

Kin san shekara biyu ke nan ina fama da feyton ɗina, wasan nan mai dogon zango da na sa wa suna Layin 'Yan Atamfa. To, gidan talabijin da ke Yawunde ya ware Lahadi da yamma don wasa guda ɗaya daga arewa. Madam Angélique, mai kula da shirye-shirye, ta ce ita ba ta jin Hausa, ba ta jin Fulatanci, don haka ta aika wa tsofaffin hannu biyar takarda mai layi uku, kowa ya rubuta wasannin da yake ba da shawara a nuna. Wanda sunansa ya fi fitowa shi ke da Lahadi. Baba na cikin biyar ɗin, tunda ya riƙe kamara tun ranar da tele, wato talabijin, ta iso ƙasar nan.

Jiya Madam ta faɗa mini yadda aka tashi. Ina da uku, Martine na da uku. In aka bar shi haka nata za a ɗauka, don sau biyu ya zo a layin farko. Kin tuna Martine? 'Yar garin Poli ɗin nan da Baba ya koya wa aiki, mai zuwa gidanmu da silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi. Ita ce fa.

Ni ukuna babu Baba a ciki. A layin farko ya rubuta nata, Hayaƙin Banda, har da bayani shafi guda, wai yarinyar tana da ido. A na biyu ya sa wasan wasu 'yan Marwa. Na uku ya bar shi fari fes. Gwaggo, ya gwammace ya bar layi ba komai da ya sa nawa!

Kuma mene ne a cikin nata? Mata ne a Lagdo zaune gaban tanda suna juya kifi. Akwai inda wata tsohuwa ke fifita wuta kusan minti biyu ba ta ce uffan ba, 'yarta na bayanta da ƙunshin kaya za ta tafi. Wannan shi ne ido? Ni na ɗauko mutum goma sha huɗu, na ɗinka wa kowa kaya.

Ba za a rufe takardu ba sai ƙarshen wata. Ke ce babbar yayarsa, bai taɓa tsallake maganarki ba. Ki sa shi ya cike layin nan. Ni in na shiga gaishe shi, rediyo yake ƙara wa murya.

Ki gaida mutanen gida.

'Yarki,
Hindu


Kuseri, 9 ga Maris

Hindatu,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, jiya ma na haye gada na je Injamena na dawo, direban ajans, kamfanin motocin fasinja, ya ba ni takardarki a shago.

Na karanta na yi dariya har abokiyar cinikina ta zaci kyauta aka aiko mini. Ke yanzu da girmanki, da karatun nasaranki, ba ki san abin da farin layi yake nufi ba? Ke ce 'yar fari. Mutumin nan tun da aka haife ki bakinsa bai taɓa furta sunanki ba. Ranar sunanki barin unguwa ya yi. Da aka yaye ki aka miƙo mini ke a tashar mota, yana tsaye can yana duban taya kamar shi ne makaniki. Uwarmu Bafulatana ce, kuma duk cikinmu shi ya kwaso kunyarta. Mutumin da ba ya iya cewa "Hindu, kawo ruwa" shi zai zauna ya yabe ki a rubuce, bare su karanta? Layin da ya bari, naki ne. Duk ɗan arewa da ya ga takardar zai gane. Laifin na Madam ne da take ƙirga abin da ba a ƙirgawa.

Sai dai ni ma ina da tawa ƙarar. Kaset ɗin da kika aiko mini da azumi, sau nawa na ce miki ya yi kyau? Na tara matan layinmu, na dama musu kunu, muka kalla. Ba ki ko amsa mini ba. Ni da na goya ki har bayana ya saɓule, yabona ba ya cika miki ciki, sai na wanda bai taɓa share miki majina ba. Ina jin haushi, kuma na faɗa.

Maganar Martine kuwa, ki rage. Yarinyar nan tuwon gidanku ta ci, in ta zo Kuseri har ƙasa take gaishe ni. Kuma na lura wasan da kika ce ba komai a cikinsa, har mintocinsa kin ƙirga.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki


Garwa, 14 ga Maris

Gwaggo,

Bayan gaisuwa, ki yafe mini. Yabonki na kai mini, wallahi. Amma ke ko tuwo na ƙona cewa kike ya yi daɗi.

Na kai wa Madam bayanin kunya a waya. Ta saurara, ta ce al'ada ce mai kyau, amma ita fari sifiri ne a wurinta. To kin ji. Kunyarsa shi ta yi wa ado, ni ta raba ni da Lahadi.

Shekaranjiya Martine ta zo gida da kifi banda cikin kwali, wai tsaraba. Ina tsakar gida na ji shi daga zaure: "Martine! Martine, shigo mana!" Sau biyu, Gwaggo, da ƙarfi, kamar mai kiran sallah. Suka zauna suna maganar haske da inuwa har la'asar. Da ta fito ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya Hindu, walla ni naki na so a ɗauka, tu sais." Na ce mata useko, na yi godiya da Fulatanci. A raina kuwa ji na yi kamar in juye mata kwalin a ka. Ban ci kifin ba, kuma ƙamshinsa ya hana ni sakat.

Tunda kin kama ni, bari in faɗa. Sau uku na kalli nata. Ba daɗinsa nake ji ba, inda ta yi kuskure nake nema. Na sami wuri biyu da makirfo ya leƙo daga sama.

Shekara ashirin da tara ban roƙi komai a wurinsa ba. Ba sai ya rubuta sunana ba, sunan wasan kawai, kalma uku. In kunya ce, ai atamfa ba 'yarsa ba ce. Saura kwana goma sha bakwai.

'Yarki,
Hindu


Kuseri, 18 ga Maris

Ilyasu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ba dogon zance zan yi ba. Yarinyata tana can tana ramewa a gidanka saboda layi ɗaya. Na san kunya ce, na kuma gaya mata haka. Amma kunyar da za ta hana 'ya cin abincinta ta wuce gona da iri. Inna da ka gado ma, da yunwa ta zo shekarar fari, da kanta ta je ta karɓo wa babban wanmu aiki wurin baturen auduga, ba ta mutu ba.

'Yar mutane ka cika shafi da yabonta, taka ko ɗigon tawada. Ka ɗauki alƙalami ka cike wurin nan kafin wata ya mutu. In akwai wani dalili, ka faɗa mini, kada ka yi mini shirun da ka saba.

Yayarka,
Aisatu


Garwa, 23 ga Maris

Zuwa ga Yaya Hajiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa, tare da ladabi da biyayya. Takardarki ta same ni, na karanta na sake karantawa.

Yaya, kin ce kunya ce. Da ita ce da na ji sauƙi. Sunan wasa ba sunan mutum ba ne, hannuna zai iya rubuta shi. Na bar layin fari ne don na san haka za ku fassara shi, ke da ita. Na ɓuya a bayan kunya, Allah ya yafe mini.

Na kalli na 'yar gidanki daga farko har ƙarshe, ni kaɗai a ofis, ranar da ba kowa. Aiki ne mai tsabta. Haskenta daidai, sautinta ya fi na Martine nesa ba kusa ba. Amma mutanenta ba sa zama, ba sa tauna abinci, ba sa mantuwa. Kowa ya shigo sai ya tsaya ya fuskanci kamara ya faɗi abin da ke ransa duka, kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Tana tsoron shiru. Kuma akwai wani Alhaji a ciki wanda ba ya kallon 'yarsa, kashi goma sha biyu ana yi masa wa'azi. Na gane shi. Ba mutanen Garwa ta yi wa wasan nan ba, Yaya, mutum ɗaya ta yi wa.

Ita kuwa waccan ta ajiye kamara gaban tsohuwa mai fifita wuta ta ƙyale ta. Na kalli wurin. Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba: kishinta na ji. Shekara goma sha tara ina wannan aiki ban taɓa ɗaukar minti biyu irin waɗannan ba, ga yarinyar da na koya wa murɗa lens ɗin kamara ta ɗauka. Shafin da na cika, rabi yabo ne, rabi neman tsari daga hassadar kaina.

An tambaye ni shawara ne a kan amana. Ta gidanki za ta yi wanda ya fi wannan, ranar da ta daina jiran in kalla. In na ɗora ta yanzu, a nan za ta tsaya.

Duk da haka ban taɓa saɓa miki ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Na karɓo takardar, tana aljihuna. In kin ce in rubuta, ki aiko kalma ɗaya da motar Asabar, zan rubuta. Abu guda nake roƙo, kada ta ga wannan.

Ƙaninki,
Ilyasu


Kuseri, 27 ga Maris

Hindatu,

Ina gaishe ki. Ya amsa mini. Kunya ce, kamar yadda na gaya miki, kuma ba zan tilasta shi ba. Ki yi fushi da ni in kin ga dama, na saba.

Ki kira Martine ki yi mata barka kafin ta ji a bakin wani. Sannan ki hau mota ki zo ki yi mini mako biyu, ki zo da kamararki.

Kada ki tambaye ni wasiƙarsa. Itacena ya jiƙe, na hura wuta da ita.

Gwaggonki