Kekenka ya sake hawa tudu, Lasisi

Zuwa ga aminina Lasisi,

Gaisuwa mai yawa. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma ina da labari, kuma duk Jos babu wanda zai gane daɗinsa sai kai.

Kangyang, jikanyata da kake ɗorawa a bencin shagonmu na gyaran keke a Katako tana wasa da sufana, ta samu gurbi a makarantar koyon jinya. Ranar da labari ya zo na yi rawa a tsakar gida har gwiwa ta tuna mini shekaruna. Da na tambaye ta abin da take so, ba ta ce waya ba, ba ta ce atamfa ba. Kekenka ta nuna, wanda iyalinka suka bar mini da za su koma Ogbomosho.

Ka san hannun giyarsa, ɗan ƙarfen nan da ake ja a hankali ana saurare da kunne har sarƙa ta zauna. Ya karye tun bara. Na zagaya Katako, na je Jos Jarawa wajen masu tsofaffin kaya, babu irinsa. Na zamani ne kawai, wanda ake dannawa da yatsa yana ƙas, ƙas. Na saya na ɗaura. Amma kowane danni wayar giyar da yake ja ba ta isa tsohon ƙarfenka na baya ya tura sarƙa zuwa haƙori na gaba ba. Sai ta tsaya a tsakani tana kuka kamar injin niƙa.

Ɗana Davou ya ce ba zai bar 'yarsa ta hau titin Daɗin Kowa da sarƙa mai tsalle ba. Ya ce in bai gyaru kafin ta fara karatu ba, a ba 'yan gwangwan shi a sayi sabo. Ban ga laifinsa ba. Uba ne. Amma kekenka a kan sikeli, Lasisi? Keken da ka riƙa goya ni a kai zuwa ajin yamma, muna da furfura muna koyon baƙi da wasali?

Na kwance na ɗaura, na kwance na ɗaura. Idanuna sun yi rauni yanzu, da lalube nake aiki. Ranar Asabar da hantsi na zura wayar, na ƙara noti, na juya feda da hannu. Na danna, sarƙa ta hau. Na sake dannawa, ta sake hawa, shiru, babu kuka. Na sa tabarau na leƙa. Ka san me na gani? Na bi da wayar ta bayan noti, ba ta cikin ramin da aka yi mata ba. Kuskuren nan nawa da ka yi shekaru kana buga mini hannu a kai, kana cewa Gyang ba zai taɓa koyo ba. Ashe da wayar ta kama ta wancan gefe, ɗan jan da sabon hannun ke yi ya isa ya tura tsohon ƙarfen daidai. Danni ɗaya ya rage a banza, na ɗaure sukurun iyaka don kada sarƙa ta faɗa.

Na yi dariya har hawaye. Na juya hagu, inda kake zama, in nuna maka. Bango ne a wurin.

Na gaya wa Davou, ya gwada keken da kansa, ya ce madalla, ya duba agogo. Na gaya wa mutanen majami'a bayan sujada, suka taya ni murna kamar yadda ake taya yaro. Wa ya rage da zai ja ni da musu? Wa zai ce sa'a ce kawai, ba gwaninta ba?

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Sau da yawa na so in bar ajin yamman nan don kunya. Ƙararrawarka a ƙofar gida ce take fito da ni. Hannun da ke rubuta maka wannan, kai ka kai shi makaranta, ban kuwa ce na gode ba. Muna ganin akwai lokaci.

Yau da safe Kangyang ta tafi da farar rigarta. Na tsaya a bakin titi har ta kai tudun nan da kake sauka ka tura. Ba ta sauka ba. Keken ba zai je wajen 'yan gwangwan ba. Ƙararrawar ma tana nan, ta kaɗa mini ita sau biyu kamar yadda kake yi, ban san wa ya koya mata ba. Na daɗe a tsaye bayan ta ɓace.

Allah ya ji ƙanka, ya sa ka huta.

Naka,
Gyang, wanda har yanzu yake bi da waya ta bayan noti