Kubra Ta Gyara Wasan Zaliha

Gure, 4 ga Nuwamba 2023

Zuwa ga mahaifina, Malam Ibrahima, a Tasawa.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kuna lafiya kai da Umma, gwiwar nan kuma ta sassauta. Tunda ka ce duk maganar da ta wuce gaisuwa ba ka son ta a salula, ga ta a takarda, na ba direban kar, motar haya.

Baba, wasan kwaikwayon da nake rubutawa tun bara an ɗauke shi. Ƙarshen Disamba za a yi fastibal, wato gasa, na sababbin wasanni a gidan matasa na nan Gure, na waɗanda ba a taɓa nuna rubutunsu ba. Mu ashirin da uku muka aika, daga Damagaram, Mirya, Magarya da nan, aka zaɓi shida. Ni kaɗai ce mace. Da suka ga an rubuta ungozoma a gaban sunana, sai da suka bugo mini su tabbatar.

Sunan wasan "Jinkiri". Abin da na gani ne da idona shekara uku da suka wuce, a asibitin ƙauyen da aka fara tura ni, wajen Gamu. Wani makiyayi ya kawo matarsa bayan azahar a amalanke, jan sa mai karyayyen ƙaho yana ja, naƙuda ta riga ta ci ƙarfinta. Uwar ta tashi, ɗan bai zo da rai ba. Na daɗe ina jin haushin mutumin nan. A wasan na nuna yadda ya tsaya shayar da dabbobi, matar tana murƙususu a ɗaki. Mushe Salihu, malami a koleji, shi ke fitowa a mijin. In ya ɗaga sanda yana cewa "shanu tukuna", ni da na rubuta ma sai in ji kamar in mare shi.

Ku sa mini albarka. A gaida Umma da ƴan gida.

Ƴarka, Zaliha

Tasawa, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga ƴata Zaliha.

Wa'alaikumussalam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, gwiwa kuwa sai haƙuri.

Na karanta wa mahaifiyarki sau biyu, sannan na fita da ita ƙofar gida na karanta wa ƴan majalisa. Umara mai ɗinki ya ce tun kina aji uku kike tara yaran unguwa kina raba musu magana, shi bai yi mamaki ba. Ni shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, na yaye likita, na yaye soja, ban taɓa yaye marubuci ba, sai ga shi Allah ya ba ni a cikin gida. Allah ya yi miki albarka.

Tambaya ɗaya gare ni, irin ta tsohon mushe, malamin makaranta. Kin ce da idonki kika gani. Isowarsa bayan azahar kin gani, na yarda. Shayar da dabbobin fa? Kin gani, ko an faɗa miki, ko zuciyarki ce ta cike gurbin? Ba na neman amsa, ke dai ki sani.

Ki riƙa cin abinci. Wassalam.

Mahaifinki, Ibrahima

Gure, 29 ga Nuwamba

Baba, assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Ka yafe mini jinkirin amsa, na rasa ta inda zan fara ne.

Makon jiya rediyon gari ta sa wani yanki na wasan don talla. Har da maganar jan sa mai karyayyen ƙaho, don ban sauya ta ba. Ashe duk yankin Gamu mutum ɗaya ke da irin wannan sa. Sunansa Aisami. Tun ranar, in ya kai dabbobi rijiya sai matasa su riƙa ce masa "shanu tukuna".

Ran Litinin da la'asar muna cikin gwaji, sai ga wata mace doguwa ta shigo ta zauna a bencin baya. Ta kalla har ƙarshe. Da muka gama ta matso ta ce, "Malama, kin gane ni?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ni ce Kubra, wadda kika ɗinke. Hannunki na da kyau, ban manta ba. Amma wannan da kuka yi ba haka aka yi ba."

Baba, a gaban ƴan wasa duka ta ba da labarin. Ta ce rana na fitowa Aisami ya bar garken a hannun maƙwabci, ko ruwa bai ba su ba. Da hantsi suka iso ƙofar asibiti. Mai tsaron ƙofa ya tambaye su karnen awo, wato katin awon ciki, suka ce sun manta shi a gida, ya ce su jira a gindin bedi har ya yi magana da na ciki. Bai yi ba. Sau uku Aisami yana komawa, ana ce masa ya yi haƙuri.

Sai ta dube ni ta ce, "Wata mai farar riga ta zo a moto, wato babur, ta wuce gabanmu. Na kira ta. Ciwo ya mantar da ni Hausa, da Barbarci na kira. Ta waiwayo ta ce, ina zuwa. Ke ce, Malama."

Na tuna ranar, Baba. Na yi latti, ina sauri, na ga mutane a gindin itace na ɗauka masu jiran allurar yara ne. Barbarci kuwa a lokacin ko gaisuwa ban iya ba. Da aka shigo da ita bayan azahar ban haɗa fuskokin ba. Na tambayi mai tsaron ƙofa, ya ce yanzu suka iso, na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Na ce da ita zan janye wasan. Ta ce ita ba janyewa ta kawo ta ba. "In kin janye, abin da aka ji a rediyo shi zai zauna. Mijina ba mai magana ba ne. Ki gyara a wurin da kika ɓata."

Saura wata ɗaya. Majo, shugaban aikinmu, ya ce in na nuna haka na zubar da mutuncin farar riga, kuma zai tuna. Mushe Salihu ya ce wasan farko ya fi daɗin kallo, da shi za mu ci gasa. Kwana biyu ke nan ban iya cin komai ba. Me zan yi?

Ƴarka, Zaliha

Tasawa, 3 ga Disamba

Zaliha, wa'alaikumussalam.

Wannan takardar ban kai ta majalisa ba. Ni da mahaifiyarki muka karanta, ta yi kuka, ni ma ban tsira ba.

Kin tambaye ni abin da za ki yi, alhali matar nan ta riga ta faɗa miki. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Kafin ki sake rubuta ko harafi ɗaya, ki hau moto ki je har inda Aisami yake, ki durƙusa ki nemi gafararsa. A gabansu za ki karanta sabon, abin da suka ce a cire ki cire. Majo kuwa ki girmama shi, amma ba shi ya zauna a gindin bedi ba.

In gasar ta kuɓuce, ta kuɓuce. Kaza ba ta fi ƙarfin mai ita ba, wasa ma haka.

Ki ci abinci, na ce.

Mahaifinki

Gure, 30 ga Disamba

Baba, assalamu alaikum. Ina gaishe ku da Umma. Na so ƙwarai gwiwa ta bar ka ka zo.

Na je wurin Aisami kamar yadda ka ce. Na same shi yana ɗaure ɗan maraƙi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yaron kwanansa ne ya ƙare, Malama. Tashi ki sha madara." Da na karanta musu sabon rubutun, abu ɗaya ya ce a cire: sunan da ya yi niyyar raɗa wa yaron, wanda Kubra ta faɗa mini na sa. Na cire.

Jiya da la'asar aka nuna namu, na biyar a jeri. Filin ya cika har bisa katanga. Wadda za ta fito a ungozoma ta ji tsoron bakin mutane ta janye, sai na sa farar rigata ta aiki na hau da kaina. Da na zo wurin da zan waiwaya in ce "ina zuwa", wurin ya yi tsit, har ina jin kukan akuya a bayan katanga. Wata tsohuwa a gaba ta ce, "Haka suke yi mana." Ba wanda ya yi dariya.

Da aka gama na tsaya na faɗa da Hausa, na kuma faɗa da gurguwar Barbarcina, cewa mai farar rigar nan ni ce, mijin kuwa bai yi jinkiri ba. Aisami na zaune can gefe da rawaninsa. Bai tafa ba. Amma na ga dattawan Gamu suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna zuwa suna ba shi hannu.

Na biyu muka zo. Wani saurayi daga Magarya ya ci da wasan ban dariya a kan rabon gado, kuma ya cancanta, har ni na yi dariya da hawaye. Majo bai zo ba, yau ma bai amsa gaisuwata da kyau ba. Amma ƴan'uwana ungozomomi biyu sun ce in ba su rubutun, za su kai ƙauyukan da suke aiki.

Baba, wannan kana iya kai ta majalisa.

Ƴarka, Zaliha

Gamu, 18 ga Fabrairu 2024

Zuwa ga Malama Zaliha, daga Kubra matar Aisami. Malam Husseini limaminmu ne ya rubuta mini.

Wushe, Malama, ina gajiya. Muna lafiya, dabbobi ma lafiya. A rijiya an daina maganar nan.

Aisami bai sani ba na aiko, amma na san ba zai hana ba. Ina da ciki wata biyar. Uwata ta ce in koma gida in haihu a gabanta, na ce mata a'a. In lokaci ya matso zan zo Gure in sauka wurin ƙanwar babana. A hannunki nake son in haihu.

Ki gaida babanki da ya turo ki. Sai na zo.

Kubra