Wayar Illo a Wurin Sadakar Uku

Daren Laraba, Zariya.

Yanzu na dawo daga Tibiri, sadakar ukun abokina Illo. Ana cikin addu'a wayarsa ta yi ƙara a aljihun yayansa. Ashe kiɗan tsohon wasan bidiyon da muke bugawa a Sabon Gari muna yara Illo ya sa mata, tit-tit kamar kukan gyare.

Yayan ya daburce. "Malam, a yi haƙuri, ban iya kashe ta ba."

Samari suka yi ta murmushi, har haushi ya kama ni. Nasu wasannin da ganguna da mawaƙa suke zuwa, ina za su san shi? Kiɗan da ke tashi ne in ɗan mutumin cikin wasan ya faɗa rami, kafin a ba shi wani rai.

Wallahi sai da na ɗan jira, ko Illo ma za a ba shi. Liman ya shafa fatiha.