Gurabe Tamanin, Babu na Geron Arzika

Madawa, 14 ga Afrilu, 1987

Zuwa ga Mai Girma Darektan Ofishin Ajiyar Iri na Ƙungiyoyin Manoma, Yamai.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna lafiya.

Shekara takwas ke nan ina riƙe da wata magana a ciki, tun watan Janairun 1979, lokacin da aka sa ni na tsaya a kan mata suna sussuke irin mutane a bakin magazar Buza, ɗakinmu na ajiyar iri. Sau biyu na rubuto wa ofishinka ba a amsa ba, na haƙura. Abin da ya sa na sake ɗaukar alƙalami, kuma a bainar jama'a, shi ne labarin da na ji a tasha: wai za ku aiko wasu samari su sake nazarin aikin magazu, don kun sayi sabon inji mai ƙwaƙwalwa, wanda kuke kira ordinater. Kafin motarsu ta taso, ina da tambayoyi.

Sunana Abdu Ɗan Jimma. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Madawa da Tawa a zamanin da ake nuna ɗan lakwal da yatsa, har aka ce za a kai ni gaba, ba a kai ni ba. Na ƙare a kan tsaron magazar iri ta Buza, shekara biyar, daga nan aka maido ni nan na yi ta buga hatimi har na ajiye aiki. Mai yiwuwa ba ka taɓa jin sunana ba. Ba na jin haushin wannan.

An gina magazar bayan babban fari, don a wannan yunwa mutane da yawa sun ci irinsu, ruwa ya sauka babu abin shukawa. Aka ce kowa ya kawo irinsa bayan girbi a kulle masa a ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe, inda hannun mai yunwa ba ya kaiwa, ya dawo ya karɓa idan damina ta matso. Dabara ce mai kyau, har yau ban canza ra'ayi ba. Sai dai mutanenmu ba sa ajiye iri a sussuke. A zangarniyarsa yake zama, a ɗaure dami-dami, sai ranar shuka ta zo. Dalili kuwa, a zangarniya ake gane gero: wannan doguwa ce ta kwari mai son ruwa, wannan gajera ce ta tudu, wannan mai gashi ce. Da zarar an sussuke, ƙwaya duk ɗaya ce a ido. Kowane gida yana da alamarsa a jikin dami, wani ƙullin kaba uku, wani jan tsumma, wani guntun fata. Ni kuma ina da kaye, littafin da nake rubuta suna da gari da alama da irin ƙasar da geron yake so.

A cikin masu kawowa akwai Arzika, sarkin noman wani ƙauye a ƙasar Garhanga. Gidansu na azna ne a da, shi kam yana salla, amma bai bar al'adar kakanninsa ta zaɓen iri ba: kafin wuƙa ta taɓa gona, shi kaɗai yake shiga ya yanko zangarniyar da ta yi masa. Geronsa gajere ne mai gashi, tsuntsu ba ya son sauka a kansa, yana fitowa a cikin tsakuwa, kuma yana nuna tun na kwari bai gama fitar da kai ba. Da fari ya ƙi kawo shi. Ni na hau jaki na je har gidansa sau biyu, na ce masa alhakin dammunansa yana wuyana. Ya kawo goma sha huɗu, nasa da na 'yan'uwansa, bai bar ko ɗaya a rumbu ba.

A watan Agustan 1978 kuka aiko wani saurayi, Mushe Haruna, ya yi kwana uku yana nazarin aikinmu don a tsara sabuwar takardar cikewa wadda inji zai iya karantawa a Yamai. Ba zan ɓoye ba, aikinsa ya burge ni. Yakan shimfiɗa babbar takarda ya zana akwati ya rubuta manomi, ya ja kibiya zuwa wani akwati ya rubuta magaza, ya ja wata zuwa biro, wato ofis. Ya ce mini kowane aiki a duniya ana iya zana shi haka: me ke shiga, me ke fita, wa yake bukatar sanin me. Shekara da shekaru ban ji kaina ya motsa kamar a kwana ukun nan ba. Kwafin zanen yana nan a akwatina, nakan ɗauko shi in duba. Daga cikinsa tambayoyina suka fito.

Ta ɗaya. Wa ya zaɓi watan Agusta? A watan Agusta iri yana cikin ƙasa. Mushe Haruna ya tarar da ɗaki wayam, sai tsintsiya da ni. Ya auna tsawon bango da faɗinsa, ya tambayi buhu nawa zai ci, alhali buhu bai taɓa shiga ɗakin ba. Ina so in sani da gaske, a makarantar da ake koya wannan sana'a, ana faɗa musu lokacin da ya kamata a je a kalli aiki, ko kuwa sai lokacin da mota ta samu?

Ta biyu. Wa ake tambaya? A kwana uku, biyu ya yi su a biro tare da shugabanmu, mutumin kirki wanda bai taɓa ɗaga dami ba. Ni ya ba ni rabin yini. Manomi ko ɗaya bai gani ba, domin suna gona, ga shi kuwa akwatin farko a zanensa manomi ne. Na bayyana masa zangarniya da alama da irin ƙasa, na nuna masa kayena. Ya saurara da ladabi, ya rubuta a gefen takardarsa, a ƙarƙashin wata kalma mai nufin ƙarin bayani. Na lura abin da shugaba ya faɗa cikin akwati yake shiga, abin da na faɗa a gefe yake tsayawa. Ta yaya magana ke tashi daga gefen takarda ta shiga akwati? Sai mai faɗinta yana da kujera?

Ta uku, ita ce ta fi tsaya mini. Takardar ta iso a watan Disamba, bayan mun gama karɓar dammunan wannan shekara. Layi ne na ƙananan gurabe, kowane gurbi harafi ɗaya ko lamba ɗaya, tamanin cif, wai iyakar abin da katin injin yake ɗauka ke nan. Na zauna na ƙidaya su. Shida na ranar wata. Ashirin na sunan manomi, goma sha biyar na garinsu. Huɗu na lambar magaza, tara na lambar takarda, biyar na nauyi a kilo. Takwas na lambar kamyo, motar ɗaukar kaya, a wurin da kowa da jaki yake zuwa. Biyu na nau'in hatsi: 01 gero, 02 dawa, 03 wake. Idan ka haɗa, sittin da tara. Sauran goma sha ɗaya an ja musu layi an rubuta cewa an keɓe su don bukatar gaba.

Ranka ya daɗe, da an ce mini babu wuri, da na fahimta. Wuri yana nan. Gurbi biyu sun isa a bambanta geron Arzika da na kwari. Wace bukata ce ake jira wadda ta fi wadda ke tsaye a bakin ƙofa da jakinta? Ta zo kuwa daga baya? Ina so in san abin da aka zuba a guraben nan goma sha ɗaya a shekara takwas.

Ta huɗu. Gurbin nauyi ba ya karɓar dami. An ce idan aka bar shi fanko injin zai tofar da katin. Umurni ya zo cewa a sussuke komai a auna. Da aka auna, sai aka ga duk 01 ne, ba dalilin ɓata buhu a kan kowane gida, a haɗa a zuba a sababbin buhuna masu nauyi iri ɗaya, kowa zai karɓi nauyinsa a lokacin shuka. Na rubuta wa shugabana cewa wannan zai ɓata iri. Ya amsa mini da baki, ya ce gero gero ne, kuma wanda ya yi karatu irina bai kamata ya tsaya wa ci gaba a hanya ba. Abin da nake son sani a nan: takarda aka yi don ta bi aiki, ko aiki ne zai bi takarda? Idan an tarar ba su dace ba, wa ke da ikon cewa takardar ce ta yi kuskure? Na nemi wannan mutum a zanen Mushe Haruna, duk kibiyoyin daga Buza suke tafiya Yamai, babu wadda ta juyo.

Ba zan wanke kaina ba. Mabuɗi yana aljihuna. Ina iya aika wa Arzika ya zo ya kwashe kayansa, ina iya ɓoye dami ɗaya a gidana. Ban yi ba, don na ji tsoron a ce ɗan lakwal ya koma bagidaje. Kwana tara mata suna daka a bakin magaza. Ni nake kwance ƙullin kaba da jan tsumma, ina tara su a kwali, ban san amfanin da za su yi ba.

Da damina ta matso, Arzika ya zo. Na auna masa kilonsa daidai, ko ƙwaya ba ta ragu ba. Ya tsoma hannu a buhu ya daɗe yana murzawa, sannan ya tambaye ni wanne ne nasa a ciki. Bai zage ni ba. Ya ɗaura wa jaki ya tafi, bai sake kawo iri ba.

Ya shuka abin da na ba shi, don ba shi da wani. Gonar ta fito gauraye, dogo da gajere, wani ya nuna wani bai ko yi bununi ba. Ya bi yana tsintar masu gashi ɗaya-ɗaya, ya ware su. Amma gero ba ya zama shi kaɗai a gona, iska tana ɗaukar bununin wannan ta kai wa wancan. Kowace shekara gashin yana raguwa, kwanakin nuna suna ƙaruwa. A 1984 ruwa ya ɗauke da wuri, kamar yadda ka sani. Ban ce geron Arzika zai ceci ƙasa ba, ban ma tabbata zai kai ba. Na dai san don irin wannan shekara kakanninsa suka yi ta zaɓensa, da ta zo kuwa ba ya nan.

Ga abin da nake roƙo.

Samarin da za ku aiko su zo a lokacin girbi, su kwana a gari har su ga iri ya shiga, su dawo su ga ya fita. Su zauna da masu kawo dami, maza da mata, kafin su zauna da mai biro. Idan sun gama zanensu, a dawo da shi nan a karanta wa mutane da Hausa kafin a buga takarda ko ɗaya, a bar manomi ya ce ga inda aka manta da shi. A ja kibiya ɗaya daga Yamai zuwa magaza, a rubuta sunan wanda za a kai wa kuka. A kwarin Buza har yanzu akwai gidajen da ke riƙe da dawarsu ta gado, sun daina kawo ta tun abin da ya faru. Kada a tilasta musu sai takarda ta yi musu wuri.

Na ƙarshe, idan Mushe Haruna yana nan, a ce ina gaishe shi. Ba na zarginsa da mugunta. Ina so kawai ya gaya mini a wane tebur, a hannun wa, abin da ya rubuta a gefen takarda ya faɗi. Kayena yana nan, duk wanda ya zo Madawa ya tambayi gidana kusa da tasha, zan buɗe masa. Ni ma ina so a nuna mini sabon injin kafin in mutu, in ga ko gurabensa sun ƙaru.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka mashawarta masu tambaya, ya sa ka gama aiki lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Arzika ya rasu bara da rani. Bayan kaka na je gaisuwa, na bi rumbunan ƙauyensu da na ƙauyuka huɗu na kewaye, ina roƙo a kwance mini dami in duba. Ban sami zangarniya mai gashi ko ɗaya ba.

Wassalam.

Abdu Ɗan Jimma,
tsohon mai tsaron magazar iri ta Buza.